Agogon DS3231 a kan Raspberry Pi: kaya mai kyau, sai dai a kula da batir

Raspberry Pi 4, 'yar ƙaramar kwamfutar nan, ba ta da agogon kanta. Da an ɗauke wuta ta manta lokaci, kuma idan babu intanet ba inda za ta tambayo. Tawa tana ajiye lissafin cajin batiran sola a shago, kuma lissafi mai kwanan wata na bogi bai da amfani. Shi ya sa na sayi ɗan fanel ɗin nan mai ɗauke da DS3231, wanda aka buga wa ZS-042 a jiki.

Ita IC ɗin, wato ƙwayar DS3231 da ke kan fanel ɗin, ba ta da makusa. Kamfanin Maxim ne ya yi ta, wanda Analog Devices ya saye a 2021. Tana auna zafin jikinta tana gyara bugunta, don haka tsakanin digiri 0 zuwa 40 kuskurenta bai wuce 2ppm (kashi biyu cikin miliyan) ba, kusan minti ɗaya ke nan a shekara. A zafin bazara irin namu, cikin shago mai rufin kwano, a lissafa da 3.5ppm, wanda shi ma bai cika minti biyu ba. Amma ka duba rubutun jikinta kafin ka biya kuɗi, don akwai DS3231M, mai 5ppm, kuma masu sayarwa ba su cika bambancewa ba.

Haɗi waya huɗu ne: 3.3V a ƙafar Pi ta 1, SDA a ta 3, SCL a ta 5, GND a ta 6. Hanyar I2C ce, wadda Philips ya fito da ita a 1982. Inda mutane ke wahala shi ne wajen direba, wato manhajar da Linux ke magana da agogon ta cikinta. Mun saba da USB, ka soka abu ya faɗi sunansa da kansa. I2C ba haka take ba. IC tana amsawa ne kawai idan an kira adireshinta, ba ta cewa ga ko ni wace ce. Ka kunna I2C da dtparam=i2c_arm=on, ka buga i2cdetect -y 1, za ka ga adireshi biyu, 68 da 57. Na farkon agogo ne, na biyun ƙaramar ma'ajiya ce, AT24C32, da suka liƙa a fanel ɗin. Ganin 68 bai nuna direba ya hau ba. Sai ka gaya wa Linux da bakinka: ka ƙara dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 a config.txt (a Bookworm, wata sigar Raspberry Pi OS, yana cikin /boot/firmware), ka sake kunnawa. Idan 68 ta koma UU, to direba ya kama, /dev/rtc0 ta fito. Kada sunan direban ya ruɗe ka, rtc-ds1307 ne, shi ke riƙe da dangin agogunan nan da yawa. Daga nan ka cire fake-hwclock, manhajar da ke kwaikwayon agogo, ka daidaita lokaci, ka buga hwclock -w sau ɗaya.

Ina ganin wasu suna rubuta 'yar manhajar Python don karanto lokaci daga 0x68. Wahalar banza ce, direban yana nan cikin Linux tuntuni. In kuma kana da MPU6050, na'urar auna motsi, a kan layin, ita ma 0x68 take zama, sai ka haɗa ƙafarta ta AD0 da 3.3V ta koma 0x69.

Abin da ban so ba shi ne ɓangaren batir. An sa wa fanel ɗin razista da dayod domin cajin batirin LIR2032, alhali abin da ke hannun kowa CR2032 ne, wanda ba a caji. Ka ba shi 5V da CR2032 a ciki, batir na iya kumbura. A 3.3V matsalar ta yi sauƙi sosai, kuma dama Pi ba ta son 5V a ƙafafunta, amma ni dai na narkar da dalmar razistan na cire shi don hankalina ya kwanta. Mai sayarwa bai haɗo ko 'yar takardar gargaɗi ba.

Mai Pi 5 ba ya buƙatarsa, tun 2023 ta zo da agogonta, batir kawai zai saka. Mai Pi 3, Pi 4 ko Zero kuwa ya saya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.