Tsohuwar kwamfutar tebur mai yawan ɗaukewa: me za ka fara saya?

Kwamfutar da ke mutuwa sau uku a rana ba lallai ne ta ƙare ba. Galibi abu ɗaya ne ya gaji a cikinta, amma sai mai ita ya sayi RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) yau, gobe ya koma ya sayi faifan adana fayiloli, kuɗi su tafi matsala tana nan. Yadda take ɗaukewar ne zai nuna maka abin saye, don haka ka lura da ita kwana biyu kafin ka nufi kasuwa.

Fara da mafi arha. Idan sai ta yi minti ashirin ko talatin tana aiki, fanka na gurnani, sannan ta mutu, zafi ne. Cire murfin ka duba: ƙurar hunturu kan danƙare a haƙoran ƙarfen sanyaya da ke kan firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) har ta zama kamar auduga. A busa ta, a goge tsohon man sanyaya (thermal paste) da ya bushe a saman firosesa, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Manhajar HWMonitor za ta nuna maka zafin. In yana haura digiri 90 ana cikin aiki, nan cutar take. Idan kuwa agogonta ne ke komawa baya duk lokacin da aka cire ta daga wuta, batirin CR2032 ne, mai bolt 3, kuma ba shi da tsada.

Abin da aka fi rainawa shi ne akwatin wuta, wanda masu gyara ke kira fawa fak. Alamarsa ita ce kwamfuta ta ɗauke fat ba shuɗin allo, ba gargaɗi, ko ta sake kunna kanta, musamman in an ba ta aiki mai nauyi. A Event Viewer, inda Windows ke ajiye rahoton abin da ya faru, za ka ga Kernel-Power 41, amma wannan lamba tana cewa ne kawai injin bai mutu bisa ƙa'ida ba, ba ta faɗin dalili. A sa mita a auna wayar rawaya ta akwatin wutar: ya kamata ta tsaya tsakanin bolt 11.4 da 12.6. A nan zaɓi biyu ne: sabo marar suna mai rubutun watt 500 a jiki, ko na hannu na asali da aka ciro daga wani injin. Ɗaga su a hannu ka ji. Wanda ya yi sakayau kamar gwangwani, rubutun jikinsa ƙarya ce. Mun fi amincewa da na asali mai watt 250 ko 300 da aka gwada a gabanka. Sai dai ka kula, OptiPlex 3020, 7020 da 9020 na Dell suna amfani da soket mai fil 8 nasu na kansu, HP da yawa kuma mai fil 6, ba mai 24 da aka saba ba. Tafi da tsohon a leda. Kuma in akwai jan maɓalli a baya mai 115 da 230, tabbatar yana kan 230. Kayan da aka shigo da su daga Amurka kan zo a 115, ana jonawa sai ƙara da hayaƙi.

Idan ɗaukewar tana zuwa ne daidai lokacin da wuta ta yi ƙasa ko aka juya zuwa janareta, laifin ba na kwamfuta ba ne. Sitabilaiza tana daidaita wuta, amma ba ta riƙe inji in an ɗauke. UPS, wato akwatin batir mai riƙe inji in an ɗauke wuta, mai VA 650 zai ba ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe. Mai daidaita wuta a cikinsa ya fi, kuma batirinsa mai bolt 12 kan buƙaci canji bayan shekara biyu zuwa uku.

Shuɗin allo mai sauya saƙo, yau MEMORY_MANAGEMENT gobe wani, RAM ake zargi. Kafin saye, cire sandunan, goge haƙoran zinaren da abin goge fensir, mayar da ɗaya ɗaya, ka bar manhajar gwajin RAM ta MemTest86 ta zagaya sau huɗu. Kuskure ko guda ya isa hukunci. Wajen saye, RAM iri-iri ce: DDR2 da DDR3 duk fil 240 ne amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba, DDR4 kuma 288. Kada a danna da ƙarfi. Windows mai bit 32 ba ya cin moriyar abin da ya wuce giga 4.

Daskarewa, da linzami ya tsaya, da ƙarar ƙas-ƙas daga ciki, na faifai ne. Manhajar duba faifai ta CrystalDiskInfo in ta nuna rawaya, kwashe fayilolinka a ranar. Kada ka sake sayen faifai mai juyawa na hannu, ba ka san awa nawa ya yi ba. SSD, faifan da ba ya juyawa, mai giga 240 ko 256 na soket ɗin SATA ya fi, ko a tsohon soket mai gudun giga 3 za ka ga bambanci tun daga kunnawa.

Akwai inda za ka tsaya. Haska tocila a kan babban allon cikin injin (motherboard), kusa da firosesa. In ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kansa (kafasito) sun kumbura a ka ko suna zubar da abu ruwan ƙasa, allon ya tafi. Ana iya canza su, amma a tsohon inji mai firosesa Pentium 4 ko Core 2 Duo bai cancanci wahalar ba. Haka in kayan da za ka saya sun kai rabin kuɗin wata kwamfutar ta hannu. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma yana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da firosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Don haka in canji za ka yi, nemi irin OptiPlex 3060 ko ProDesk 400 G5 na HP mai firosesa i5-8500, kuma ka sa mai shago ya bar ta a kunne tana aiki awa guda kafin ka biya.