Masaukin Baƙi a Kaduna: Inda Zan Kai Ɗan'uwana

Kafin ka tambayi kuɗin ɗaki a Kaduna, tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta. Wanda ya kwana a garin nan cikin zafin Maris ko Afrilu, fanka ta tsaya tsakar dare, sauro ya taso, ya san dalilina na farawa da wannan.

Ni dai zaɓina ƙananan gidajen baƙi ne na Unguwar Rimi da Malali, irin tsoffin gidajen manyan ma'aikata da aka mayar masauki. Ɗakuna kaɗan, fili mai bishiyoyi, ga wurin ajiye mota cikin katanga, mai gadi kuma yana gane fuskar kowane baƙo. Da yawansu sun sa sola, don haka ko an ɗauke wuta fanka da fitila ba sa tsayawa. Amma ka tambaya dalla-dalla, domin sola ba kasafai take ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki ba. Ka buɗe famfo da hannunka ka ga ruwa na zuwa, ka tambaya ko suna da rijiyar burtsatse. In lokacin hunturu ne, Disamba zuwa Janairu, ruwan zafi da asuba ya fi komai daraja, kuma a irin waɗannan gidaje ko babu hita za a dafa maka a kawo a bokiti ba tare da ɓata rai ba. Masallaci na kusa, mai shayi na bakin layi, Ahmadu Bello Way kuma tafiyar Keke Napep ce ba mai nisa ba.

Manyan otal irin Hamdala, wannan sai mai taro ko wanda ofis ke biya masa. Masaukan gefen tashar Kawo da Mando suna da araha, amma hon ɗin mota ba ya barin barci. Barnawa na da ɗakuna masu kyau, sai dai ka duba ko akwai mashaya a harabar, don kiɗa na iya kaiwa asuba. Rigasa kuwa sai in jirgin ƙasa na safe zuwa Abuja za ka hau.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne wajen biya. Akwai masu buɗe shafi a Facebook da hotunan ɗakin da ba nasu ba, su ce ka turo kafin alƙalami don ɗakuna sun kusa ƙarewa. Sun fi yin haka lokacin kasuwar baje koli ta Rigachikun, sanda baƙi ke cika gari. Ni an taɓa nuna mini ɗaki a hoto, da na iso aka ce wancan an kama, aka kai ni wani mai warin danshi a kan kuɗi ɗaya. Idan sunan asusun na mutum ne ba na masaukin ba, dakata. Sa wani naka da ke gari ya taka ya gani, ko a kira ka ta bidiyo a zagaya da kai ɗakin, har banɗaki.

Haka mai Keke da ya dage sai ya kai ka "wani wuri mai kyau": sau da yawa yana da kamasho a can. Wurin da ake ba da ɗaki na awa-awa ma kada ka kai iyalinka. Za ka gane shi da yawan shige da fice da kuma rashin neman katin shaida. Ka karɓi rasit, a rubuta lambar ɗaki da lokacin fita a kai, domin wasu da sha biyun rana ta gota suke lissafa maka sabon kwana.