Sharhi: Mai yankan makullin da ya tashi motata a Legas, da abin da aikin ya ci

Idan makullin motarka ya ɓata a Legas, kuma shi kaɗai gare ka, ka ba da aikin ga wanda zai fara tambayarka takardun mota kafin ya yi maganar kuɗi. Da wannan ma'aunin na auna saurayin da ya yi mini aiki kwanan baya, kuma saboda shi nake rubuta wannan sharhi, duk da cewa akwai wurare biyu da bai gamsar da ni ba.

Motata Toyota Camry ce ƙirar 2009, wadda 'yan kasuwa ke kira Muscle, tokumbo daga Amurka. Kamar yawancin motocin da ake saukewa a Tin Can, da makulli ɗaya ta zo hannuna. A wajen wani ɗaurin aure a Agege ya ɓace, cikin turmutsutsun gaisawa da ango. An yi cigiya a lasifika, an ɗaga tabarmi, shiru. Abin da ya hana ni barci daren nan shi ne wanda ya tsince shi ba ya buƙatar sanin motar waye: ya bi layin motoci yana danna rimot, wadda ta ƙifta fitila ita ce. Sai na biya maigadin layin ya kwana kusa da ita.

Da gari ya waye, wanda aka fara kawo mini wani mai wayarin ne. Ya zagaya motar, ya ce, "Alhaji, wannan ai ba aiki ba ne. Mu fasa wurin makulli, mu sa sabo, mu kashe tsaron da ke cikin ƙwaƙwalwarta, kafin azahar kana kan hanya." Farashinsa da sauƙi ƙwarai. Na yi masa godiya na sallame shi, don abin da yake so ya kashe shi ne kaɗai abin da ke tsakanin motata da ɓarawo.

Ga yadda abin yake. A cikin baƙar robar kan makullin irin waɗannan motoci akwai wani ɗan ƙanƙanin cif, bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba. Idan ka zura makulli, wani zobe da ke kewaye da ramin yana karanta lambar cif ɗin ya miƙa wa ƙwaƙwalwar mota. In ta san lambar, inji ya tashi. In ba ta sani ba, sitata za ta yi ta juyawa amma injin ba zai kama ba, ko da yankan ƙarfen ya yi daidai ɗari bisa ɗari. Duk wanda ya cire maka wannan tsari ya mayar da motarka irin ta da, wadda ake tayarwa da kowane ƙarfen da ya juya ramin. A gari irin Legas, inda mota kan kwana a titi saboda gidajen haya ba su da fili, wannan arahar ba ta ado ba ce.

Na kira ofishin wani dillalin motoci ma. Sun ce sai an jawo motar zuwa wurinsu, sai an jira, kuma kuɗin da suka ambata ya kusa ninka abin da na biya daga baya. Ban ga laifinsu ba, kayansu na asali ne, amma jan mota daga Agege kaɗai wani kashe kuɗi ne.

Wani abokina mai sana'ar albasa a Mile 12 ne ya ba ni lambar wannan saurayi. Bayarabe ne, shagonsa na wajen Mushin, ba nisa da kasuwar Ladipo inda ake samun ɗanyun makullai, wato waɗanda ba a yanka ba tukuna. Tun a waya ya ce in tanadi takardar mallakar mota, da lasisinta, da katin shaidata. Da ya iso da jakarsa a baya, bai taɓa ƙofa ba sai da ya leƙa gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya bi lambar jikin motar, harufa da lambobi 17, ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da takarda, sannan ya dubi hoton katin ya dubi fuskata. Ya ce, "Oga, kada ka ji haushi. In na yanka wa duk wanda ya kira ni, wata rana motarka zan buɗe wa wani." Raina ya yi fari da wannan magana. A gaskiya tun daga nan na daina tunanin ciniki.

Aikin kansa abin kallo ne. Ya zura wani siririn ƙarfe mai ma'auni a ramin ƙofar direba, yana taɓa haƙoran ciki ɗaya ɗaya yana rubuta lamba a bayan hannunsa da biro. Ƙofa ta buɗe ba ko ƙwarzane. Da lambobin nan ya yanka sabon makulli a wani ƙaramin inji da ya ɗora kan but. Sannan ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari ya jona na'urarsa a soket mai rami 16 da ke wurin, wanda duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 tana da shi. Ya nuna mini wani ɗigo da aka buga a jikin ƙarfen sabon makullin, ya ce nawa irin wannan ne, waɗanda suka biyo baya harafin G ne a jikinsu, na bayansu kuma H, kuma ɗaya ba ya hawa gurbin ɗaya. Shi ya sa ba a sayen makulli a ka, don kawai kamanninsa ya yi daidai da naka.

Da yake babu makullin asali ko ɗaya, sai da ya goge duk makullan da motar ta sani, aka jira wajen minti 16 da tsarin Toyota ke tilastawa, sannan ya shigar da sabon. Jar fitilar tsaro da ke ƙiftawa a dashbod ta mutu da ya zura shi, inji ya tashi a murɗa ɗaya.

Nan ne ya yi abin da ya fi burge ni. Ya ce goge cif daban, goge rimot daban. Tsohon makullin ba zai ƙara tayar da mota ba, amma in ba a goge rimot ɗinsa ba zai ci gaba da buɗe ƙofofi daga nesa, don haka ya goge shi a gabana. Ya ƙara da cewa ko bayan wannan, ƙarfen tsohon makullin zai buɗe ƙofar direba da hannu, tunda kwamfuta ba ta da iko a kan haƙoran ƙarfe. Wanda ya tsince shi ba zai tafi da mota ba, amma zai iya kwashe abin da ke ciki, ya buɗe bonet ya ɗauke batir, ko ya cire ƙwaƙwalwar motar kanta, wadda ɓarayin kayan mota ke nema ruwa a jallo. Maganin shi ne a kwance ramin ƙofa da na tayarwa a sauya jerin haƙoransu. Bai matsa mini ba, ya faɗi kuɗin ya yi shiru. Na ce a yi. Na tuƙa zuwa shagonsa, aka sauya, ya sake yanka ƙarfe daidai da sabon jeri.

Kuɗi kuwa, ga yadda suka tafi. Makulli mai rimot da cif, da yanka, da gogewa, da shigarwa, naira 70,000. Na biyu marar rimot, wanda na ajiye a gida, 25,000. Sauya haƙoran ramuka 30,000. Kuɗin zuwa 10,000. Jimla 135,000. Kada kowa ya riƙe wannan a matsayin farashin kasuwa, domin ɗanyun makullai da na'urorin duk daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 farashinsu na bin dala ne. Mai motar da ake tayarwa da danna maɓalli ya shirya biyan fiye da haka nesa ba kusa ba. Amma in an gwada da darajar motar, ban ga tsada ba, balle ni da inshorata ta naira 15,000 ce, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kawai. Da an sace motar, ko kwabo ba zan samu ba.

Inda bai kyauta ba, na farko, kuɗin zuwan nan bai ambace shi a waya ba, sai a ƙarshe ya fito a lissafi. Ba yawansa ne ya dame ni ba, mutumin da ya tsaya kai da fata a kan takardu ya kamata ya kasance haka a kan farashi. Na faɗa masa, ya ba da haƙuri, amma bai rage ba. Rasit ma sai da na nema.

Na biyu, rimot ɗin ba na asali ba ne, kuma ana gani. Robarsa ba nauyi, maɓallin but yana da tauri, kuma sai na matso kusa da mota yake amsawa, alhali tsohon daga ƙofar masallaci nake danna shi. Ya dai zaɓo mai zangon siginar da ya dace, don rimot ɗin motocin Amurka a kan zango 315 MHz suke aiki, na Turai kuma 433 MHz, kuma mutane da yawa kan sayi rimot su rasa dalilin da ya ƙi aiki. Amma da ya ajiye mini na asali da kwafi a gabana, ya faɗi kuɗin kowanne, da na zaɓa da kaina.

Abu ɗaya da zan roƙi duk mai irin wannan matsala: ka tsaya a kan aikin daga farko har ƙarshe, ko ka amince da mai yi. Na'urar da ta shigar da makulli biyu za ta iya shigar da na uku ba ka sani ba. Kafin ya cire na'urarsa na ce ya nuna mini adadin makullan da motar ta sani a allon, ya juyo da shi ba musu, na ga 2 da idona. Ɗanyun da ya lalata wajen yanka kuma na karɓe su na tafi da su gida.

Zan sake kiransa. Corolla ɗin maiɗakina ita ma makulli ɗaya gare ta, kuma ya ce ƙara na biyu alhali na asali yana hannu ba ya buƙatar gogewa ko buɗe ƙofa, kuɗinsa bai fi na wancan marar rimot ɗin ba. Wannan karon zan nemi cikakken farashi a rubuce ta WhatsApp kafin ya taso daga Mushin.