Madambacin Gora na Turara Dim Sum: Ya Yi, Amma Yana Son Kulawa

Wanda na gwada mai hawa biyu ne da murfi, faɗinsa santimita 25, irin wanda ake kawo dim sum (ƙananan kayan ciye-ciyen Sinawa, yawanci turararru) a cikinsa a gidajen shayi na Hong Kong da Guangzhou. Aikinsa ɗaya da madambacin dambu, sai dai fifikonsa duk a murfin yake. Saƙar gora tana shanye gumin tururi, ruwa ba ya ɗiga kan abinci. Murfin ƙarfe kuwa tara gumi yake ya zubo, sai fatar bao (burodin Sinawa mai laushi da ake turarawa) ta jiƙe ta yi tabo-tabo.

Idan sabo ne, a jiƙa shi na minti 30 kafin a ɗora. A zaunar da shi cikin kasko mai zurfi, ruwa ya rufe gindinsa da kamar santimita ɗaya, amma kada ya taɓa daɓen da abinci ke kai. Idan ruwan ya ƙafe, gindin zai babbake, ƙaurin kuma ya kama abincin. Saboda haka a ajiye tafasasshen ruwa a kusa don ƙari; ruwan sanyi yana yanke tururi.

Shimfiɗa dole ce: ganyen kabeji ko takardar gashi da aka huda. Dim sum ɗin da ake kira har gow, mai jatan lande da fata shara-shara, shi ya fi saurin mannewa ya yage. Sai ruwa ya tafasa sosai za a ɗora, a bar tazarar yatsa tsakanin ɗaya da ɗaya. Har gow minti 6 zuwa 7, siu mai (niƙaƙƙen nama a cikin fatar fulawa) 8 zuwa 10, bao 12 zuwa 15. Na firiza a ƙara minti 3 zuwa 5, kuma kada a jira ya narke. (Siu mai na asali da naman alade ake yi, a duba kwali da kyau, cinyar kaza da aka niƙa tana maye gurbinsa lafiya lau.) Hawan sama ba ya samun zafi kamar na ƙasa, don haka mai jinkirin nuna shi ake sa wa a ƙasa.

Bao yana da nasa hali. Idan aka buɗe murfi nan take, iska mai sanyi za ta buge shi ya lotsa ya yamutse. A kashe wuta, a ba shi minti 3 zuwa 5 tukuna.

Aibinsa a wajen wanki yake. Gora tana riƙe wari, na kifi da na sabulu duka, don haka ruwan ɗumi da burushi sun isa. A raba hawan a shanya a inuwa mai iska har ya bushe ƙarau. In an adana shi da danshi, musamman da damina, zai yi fumfuna; in an bar shi a rana, zai tsage. Mai turara abu sau ɗaya a shekara ya zauna da na ƙarfe, ya naɗe murfin da tawul.