Zuwa gandun dajin Kidepo: ƙaramin jirgi ko Land Cruiser ta haya?

Gandun dajin Kidepo yana can ƙuryar arewa maso gabashin Yuganda, a yankin Karamoja, jingine da iyakar Sudan ta Kudu. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,442, kuma tun 1962 aka mai da shi gandun ƙasa. Giwa da ɓauna da zaki da raƙumin dawa da jakin dawa duk suna nan, ga jimina da rabbi da ba kasafai ake ganinsu a sauran gandayen ƙasar ba. Abin da ya hana wurin cika da baƙi shi ne nisa. Hidima iri biyu ce ke kai mutum can: ƙaramin jirgin sama daga Entebbe ko Kajjansi, filayen jirgi da ke kusa da Kampala babban birnin ƙasar, da motar haya mai jan ƙafa huɗu daga Kampala. Ko wacce tana da inda take gazawa, kuma masu sayar da tikiti ba su cika faɗin wannan ɓangaren ba.

Mu fara da jirgin, don shi ne mai sauƙin bayani. Yawanci Cessna Caravan ne, mai inji ɗaya da farfela a hanci, yana ɗaukar fasinja goma sha ɗaya ko sha biyu. Tafiyar wajen awa biyu ce, tana iya wuce haka idan zai yada zango a wani fili ya sauke mutane. Ba banɗaki a ciki, saboda haka a rage shan ruwa kafin tashi. Ba ya yin sama sosai kamar manyan jirage, shi ya sa ake kallon Kogin Nilu da gonaki da duwatsun Karamoja tar daga taga, kuma shi ya sa yake rawa idan rana ta yi zafi. Iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ce ke jijjiga shi. Mai saurin tashin zuciya ya nemi tashin safe in akwai, ya zauna kusa da fiffike.

Dokar kaya ita ce ke fara ba mutane mamaki: kilo 15 ga kowane fasinja, har da jakar hannu, kuma a jaka mai laushi. Ba tsaurin banza ba ne. Ana cusa kayan ne a wata ma'ajiya da ke ƙarƙashin cikin jirgin, ƙofofinta ƙanana, akwati mai tauri da tayoyi ba ya shiga. Nauyin kuwa ana lissafa shi har da na fasinjojin, domin filin Kidepo na burji ne, yana kan tudu, kuma a wuri mai tudu da zafi iska ba ta da kauri, jirgi yana buƙatar gudu mai tsawo kafin ya ɗaga. Wanda ke ɗauke da manyan kyamarori ya sayi ƙarin kujera tun da wuri, sauran kaya kuma a bar su ajiya a otal a Entebbe.

Akwai abu biyu da ya kamata a tambaya a rubuce kafin a biya kuɗi. Na farko, ranakun da jirgin ke tashi, don ba kullum ake zuwa Kidepo ba. Na biyu, ko akwai sharaɗin adadin fasinja. Wasu kamfanonin ba sa tashi sai kujeru sun kai wani adadi, in ba su kai ba a ɗaga tafiyar ko a ce ka cike kuɗin kujerun da babu kowa. Haka kuma kada a haɗa dawowa daga Kidepo da babban jirgin komawa gida a yini ɗaya da ɗan tazara. Ruwan sama na dare ɗaya kan jiƙa filin burji, matuƙi ya ƙi sauka sai ya bushe, kuma yana da gaskiya. A bar kwana guda a Entebbe a tsakani.

Babban aibin jirgin dai shi ne yana sauke ka ba ka da ƙafa. Filin yana kusa da Apoka, hedkwatar gandun, amma babu tasi, babu shagon hayar mota, babu mai babur da ke jira. Ba kuma wurin da ake takawa a ƙasa da jaka a kafaɗa ba ne, wani lokaci sai matuƙi ya kewaya sau ɗaya ya kori dabbobi daga kan filin kafin ya sauka. Masaukin da ka kama shi zai aiko mota, kuma da motarsa za ka yi yawon kallon namun daji. Masaukai masu tsada suna haɗa wannan cikin farashi. Masu araha sukan caje shi daban, fita ɗaya kuɗi ɗaya, kuma a nan ne lissafin mutane da yawa ke watsewa. Wanda zai sauka a ɗakunan hukumar kula da namun daji ta Yuganda da ke Apoka, ya tabbatar da motar da za ta ɗauke shi kafin ya hau jirgi.

Mota kuwa tana cin lokaci, amma tana ba ka iko da tafiyarka. Hanya mafi kusa ita ce Kampala zuwa Karuma zuwa Gulu zuwa Kitgum, sannan Karenga, wajen kilomita 570. Akwai ta gabas, ta Mbale da Moroto da Kotido da Kaabong, wadda ta haura kilomita 700. Ta fi kyan gani, tana ratsa tsakiyar Karamoja, amma ba ta mai gaggawa ba ce. A takarda ana cewa ta Gulu awa goma ce. A zahiri fita daga cunkoson Kampala kaɗai kan ci awa guda ko fiye, ga tudun rage gudu a kowane ƙauye, ga 'yan sanda da na'urar auna gudu. Shawararmu a raba ta biyu: a kwana a Gulu, kilomita 335 daga Kampala, ko a ƙarasa Kitgum in an fita da asuba. Kusa da tsakiyar duniya ake, rana na faɗuwa wajen ƙarfe bakwai saura, duhu ya rufe nan da nan, kuma ƙofar gandun ba ta jiran wanda ya makara. Tuƙin dare a wannan hanya ba dabara ba ne, ga shanu, ga masu keke ba fitila. A tuna kuma a Yuganda ta hannun hagu ake tuƙi, sitiyari yana dama.

Gadar Karuma, inda hanya ke tsallaka Nilu, ita ce maƙogwaron tafiyar. A 2024 an rufe ta don gyara, motoci suka riƙa zagayawa ta gandun Murchison Falls, tafiya ta ƙara tsawo. A tambayi halin da take ciki kafin a tashi.

Har Kitgum kwalta ce mai kyau. Daga nan sai burji, fiye da kilomita 100 ta Orom da Karenga, kuma a nan ne ake gane motar da aka haya. Kamfanonin haya a Kampala suna ba da iri biyu galibi: Toyota RAV4, wadda ta fi araha, da Land Cruiser. Da rani, hanya a bushe, RAV4 kan kai. Amma araha ba ta ado. Cikinta yana kusa da ƙasa, tankinta ƙarami ne, ba ta da ƙaramar giyar ja, kuma wasu kamfanonin ma sun hana a kai ta Kidepo, in ka kai ta inshora ta faɗi. Land Cruiser mai dizal, musamman wadda rufinta ke ɗagawa don kallo, ita ce motar wannan hanya. Injin lita 4.2 na tsohon yayi ba shi da gudu, amma ba ya da na'urorin lantarki masu yawa, kuma kusan kowane makanike a Gulu ko Kitgum ya san cikinsa.

Ga lissafin mai. Irin wannan mota tana shan wajen lita 13 a kilomita 100, ta fi haka a laka ko da kaya a rufi. Zuwa da dawowa kilomita 1,140, a ƙara wajen 200 na yawo cikin gandun, ya kama kusan lita 175. Kitgum ce tasha ta ƙarshe da za a dogara da ita. A cika tanki a can har wuya, a ƙara jarka ɗaya ta lita 20 in motar tanki ɗaya gare ta. Man da ake sayarwa a kwalba bakin hanya yakan zo da ruwa ko ƙura, ya toshe matatar mai, mota ta fara tari a kan hawa.

Kafin a sa hannu a takardar haya, a duba motar da ido, kada a yarda da "komai lafiya". Safaya biyu, kuma a taɓa su a ji da iska. Jak da ya dace da tsayin motar, da katako mai faɗi da za a ɗora shi a kai, don a ƙasa mai laushi jak nutsewa yake yi. Sifana da ta dace da notunan taya, famfon iska mai aiki da batir, igiyar ja, shebur. A tambayi ma'aikaci ya nuna yadda ake sa giyar ƙafa huɗu, kuma in tayoyin gaba suna da makullin da ake murɗawa da hannu, a gwada shi a gabansa. Mutane da yawa kan maƙale a laka suna zaton ƙafa huɗu ke ja, alhali ba su murɗa makullin ba, na baya kaɗai ke juyawa. Takardar kuma a karanta wajen inshora da kyau. Yawanci taya da gilashin gaba da ƙarƙashin mota ba sa ciki, haka kifewar mota idan ba da wata ta yi karo ba, kuma kifewa haɗari ce da ke yawan faruwa a burji.

Dalilin kifewar kuwa gargada ce. Hanyar burji takan yi kunya-kunya ƙanana, direba ya ga in ya ƙara gudu motar ta fi lafawa, sai ya kai 80. A wannan gudun tayoyi tsalle suke yi, rabin lokaci ba sa taɓa ƙasa, da an zo kwana ko an taka birki da ƙarfi sai bayan motar ya zame. Tsakanin 50 da 60 ya isa, da giyar ƙafa huɗu ta gudu, ba ƙaramar ta ja ba, a sanye, a ɗan rage iskar taya. Da an dawo kwalta a cire giyar, a mai da iska, don barin ta a kan kwalta yana ɗaure kayan cikin giya. Gargada kuma tana kwance notuna, saboda haka kowace safiya a duba kan batir, notunan taya, ruwan lagireto da baƙin mai, a kakkaɓe matatar iska.

Damina a Kidepo ɗaya ce, daga wajen Afrilu zuwa Satumba. A lokacin ba burjin ne kaɗai matsala ba, baƙar lakar cikin kwari ce. Da ta sha ruwa sai ta yi santsi, ta manne a taya har zanen ya ɓace. A nan sai ƙaramar giya, gudu ɗaya ba tsayawa, a bi sawun da ke akwai. In taya ta fara juyawa a wuri ɗaya a saki totur, don ƙara wuta haƙa rami yake yi. Rafin da ya kawo ruwa kuma ba a shigarsa, a jira, yakan janye cikin 'yan awanni. Kogin Kidepo kansa yashi ne busasshe mafi yawan shekara, ana tsallaka shi a kan hanyar zuwa maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Kanangorok kusa da iyaka, kuma can da jami'in gandun mai bindiga ake zuwa.

Hayar mota da direba ta fi tuƙa kai ga duk wanda bai saba da burji ba. Ana ƙara kuɗin yini na direban, a tambaya ko abincinsa da makwancinsa suna ciki. Abin da ake saya da wannan kuɗin shi ne wanda ya san hanya, ya san makanikai, kuma lalacewar mota ta zama nauyin kamfani. Layin waya, MTN ko Airtel, yana yankewa bayan Kitgum, don haka a sauke taswira a waya tun daga gari, a riƙe shilin a hannu don ƙananan buƙatu. Kuɗin shiga gandun ana lissafa shi ne da awa 24, na mota daban, kuma gudu a ciki ba ya wuce kilomita 40 a awa. Asibiti mai kayan aiki yana da nisa, inshorar da ta haɗa da ɗauko majiyyaci da jirgi ba almubazzaranci ba ce a nan. Katin rigakafin zazzaɓin shawara kuwa a tafi da shi, ana iya tambayarsa tun a Entebbe.

Mai kwana uku ko huɗu kacal ya hau jirgi, ya kama masaukin da ke da motarsa, don da mota kwana huɗun a hanya za su ƙare. Mai mako guda ko fiye, ko ayarin mutum huɗu da za su raba kuɗin haya da mai, Land Cruiser ta fi masa, ga damar tsayawa a Ziwa a ga karkanda a kan hanyar Gulu. Tsarin da muka fi yabawa shi ne haɗa biyun: a tafi da mota da direba, a yi yawon kwarin Narus da ita, inda ruwa ke zama duk shekara kuma dabbobi ke taruwa, sannan a dawo da jirgi, direba ya biyo baya da manyan kaya. Sai dai a sa cikin lissafi cewa za a biya kwanakin da motar za ta yi tana dawowa ba kowa a ciki, da man da za ta sha.