Zanen Winchester 1873: takardar Cody ko idon gwani?

Masu tara tsofaffin bindigogi suna yawan tambayar wanne ya fi tabbatar da cewa zanen da aka sassaƙa a ƙarfen bindigar Winchester samfurin 1873 na masana'anta ne: takardar shaida ko binciken gwani.

Takardar gidan tarihi na Cody, a Amurka, ta fi araha. Lambar bindiga kawai za ka aika, su duba kundin kamfanin Winchester. Sai dai lamba take tantancewa, kuma a samfurin 1873 lambar tana kan wani ƙarfe a ƙasan bindigar da ake iya sauyawa.

Gwani akwai tsada, amma da tabaron ƙara girma yake bin layi. Zanen da ya ratsa ramin tsatsa, ko ya ratsa harufan da gugawa ta cinye, daga baya aka yi.

Mai saye daga nesa, takarda ta wadatar da farko. Mai zuba manyan kuɗi, ya nemi gwani.