Kamfanin aika kaya ya lalata min kayan kamun kifi, ga yadda muka kwashe

Tauraro biyu na ba su cikin biyar, kuma biyun ma saboda saurin kawowa ne da yarinyar da ke kan kantar ofishinsu wadda ta san darajar mutane. Ba zan kama sunan kamfanin ba don har yanzu akwai sauran magana tsakaninmu.

Kaya biyu na yi oda daga Legas, sandar fatsa irin ta kabon mai shiga cikin juna da injin naɗe zarenta, sai dilar kalli, wato ragar kamun kifi, mai ido inci 3 na kawuna da ke sana'ar su a nan Yawuri. Mai shagon ya turo min bidiyo lokacin da yake ɗaurewa, komai lafiya lau, sandar a cikin kwali mai tsawo ya rubuta a jiki da jan biro cewa abin fashewa ne. Na biya kuɗin webil har da ƙarin da suka ce na kayan da ake lallaɓawa. Ofishinsu mafi kusa da mu Kontagora ne, can na je ɗauka.

Tun kafin a buɗe na ga kwalin ya lanƙwashe a tsakiya, ga shatin ƙasan wani abu mai nauyi a kai. Na ce wa yaron lodin, ɗan'uwa dakata, a gabanku zan buɗe, na kunna kyamarar waya. Gaɓa biyu na saman sandar sun tsage a tsaye, kan ya karye gaba ɗaya, zobban da zare ke bi ciki guda biyu sun lotse. Wanda ya san kabon ya san irin wannan tsagewar da wuya ta gyaru, ko ka naɗe da zare ka sa gam, ranar da tarwaɗa mai ƙarfi ta ja nan wurin zai sake ɓallewa.

Amma wlh abin da ya fi ƙona min rai kallin ne. Buhun ya jiƙe ta gefe ɗaya yana wani wari mai shiga hanci, ashe kusa da batirin sola suka ajiye shi a mota kuma batirin ya zubar da ruwa. Ruwan batir cinye zaren nailan yake, a ido kamar ba komai amma da na sa yatsa a idon ragar na ɗan ja sai ya tsinke ba ko gardama, na ja na gaba shi ma haka, har kusan kashi ɗaya cikin uku na dilar, kuma da yake a ninke take ruwan ya bi ta kowane ninki, wato ba wuri ɗaya ba ne da za ka yanke ka yar. In yagewar ƙusa ce ko ta kada, masunci zai zauna gindin bishiya ya ɗinke abinsa, wannan zaren ne ya mutu. Kawu ya riga ya sayi igiya da dalma yana jira, ga ruwa na cikowa lokacin da kowa ke son ragarsa a ruwa, mutum mai iyali da wannan sana'ar yake ci da su.

Manajan da farko cewa ya yi, Malam ai ka san hanyar Mokwa zuwa Kontagora. Na sani mana, duk wanda ke bin titin nan daga Ilori ta Jebba ya san ramukansa, amma rami bai ɗora kaya kan kwali ba, rami bai haɗa raga da batir ba. Sai ya koma wai mai shago bai ɗaure da kyau ba, sai kuma ya juya bayan rasit ya nuna min wani ƙaramin rubutu wai ba sa biyan fiye da kaza in ba a yi inshora ba, alhali ba wanda ya yi wa mai shagon maganar inshora ranar da ya kai kayan. Yarinyar kantar ce ta ce, Baba kar ka sa hannu cewa ka karɓa lafiya, rubuta abin da ka gani a takardar tukun. Allah ya yi mata albarka.

Kira ya ƙi ci, kullum za mu duba. Sai da na rubuta musu imel da hotuna da bidiyon nan biyu, na ce in ba a yi komai ba zan kai ƙara FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, da NIPOST tunda ita ke ba kamfanonin aika kaya lasisi, sannan wani ya kira ni daga babban ofishinsu da murya mai laushi. Sun dawo da kuɗin webil da kuɗin sandar. Na kallin rabi suka yarda, rabin ma har yau alat bai shigo ba.

In dai sanda za a aiko maka, ka ce a zura ta cikin bututun famfo na roba a toshe bakin biyu, raga kuma a sa ta a leda mai kauri kafin buhu, a rubuta kuɗin kayan na gaskiya a webil. Dilar da na sake sayo wa kawu ta hannun direban tasha ta zo, mutumin da na san gidansa, a bayan kujerarsa ya ajiye ta. Ranar Litinin zan koma Kontagora kan sauran kuɗin.